Baƙar 'yar hunturu ko kariya: wacce ta dace da baranda a Kaduna?

Ƙanwata ta tare a sabon gida a Barnawa, kuma kamar yadda aka saba, kafin labule ya gama hawa hankalinta ya koma kan abin da za ta jera a baranda. Ran nan da la'asar sai ga hotuna biyu ta WhatsApp, ta ɗauko su a wurin wani mai sayar da fulawa a bakin titi. Na farko tsiro ne mai siririn kara, a ƙarshen kowane reshe ganye baƙi wuluk ya yi zobe-zobe, sai ka rantse fure ne aka ɗora a kan sanda. Na biyu kariya ce, gindinta ya kumbura kamar tulu, da jan fure huɗu ko biyar a sama.

"Yaya, wanne zan ɗauka? Baƙin nan ya tafi da ni, sai dai kuɗinsa zai sayi ɗayan har uku."

Na ce ta mayar da kuɗinta jaka tukuna. Dukansu biyun ina da su a gida, kuma baƙin nan sau biyu yana mutuwa a hannuna kafin na gane inda matsalar take. Abin da na gaya mata a waya ya yi gajarta, shi ya sa na zauna na rubuta shi da tsawo, ko wani ma zai amfana.

Sunan baƙin a wurin masana Aeonium arboreum, kuma wannan launin mai duhu shi ake kira Zwartkop, wato baƙin kai da harshen mutanen Holan. Mu a gidanmu 'yar hunturu muke ce mata, don a hunturu take farkawa. Danginta sun kai iri 35 ko kusa da haka, kuma mafi yawansu daga tsibiran Kanari suke, waɗanda ke cikin Tekun Atlantika daura da kudancin Maroko. Ƙasar Sifaniya ce ke mulkin tsibiran, amma mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita 100 daga gaɓar Afirka ba. Akwai kuma 'yan kaɗan a Madera da Maroko da Kef Bade, har da tsaunukan Habasha da Yaman. Wasu masana biyu, Webb da Berthelot, su suka raɗa wa dangin suna a 1840, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ba ya tsufa. Da sun ga yadda tawa ta narke a Agusta da sun sake shawara.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma duk maganar nan a kan gidansu take. A tsibiran Kanari sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. Daga wajen Oktoba zuwa Maris ake samun ɗan ruwan da ake samu, a lokacin ne kuma gari ke yin sanyi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa da ƙyar ɗigo ke sauka. Saboda haka tsiron ya saba da cewa in ya ji sanyi to ruwa ya zo, sai ya buɗe ganye ya yi girma; in ya ji zafi to fari ne, sai ya dunƙule ya zubar da ganyen ƙasa ya yi barci. Mu nan Kaduna lissafin a juye yake. Sanyinmu busasshe ne ƙayau, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko gajimare ba ka gani sai hazo. Ruwanmu kuma a cikin ɗumi yake zuwa, daga ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba, kuma ba kaɗan ba: abin da ke sauka a Kaduna a shekara yakan kai milimita 1,200, alhali birnin Las Falmas na can ko 200 ba ya samu. Wato lokacin da take neman ruwa mu ba mu da shi, lokacin da take son a ƙyale ta ta yi barci a bushe kuma shi ne sama ke tsiyaya a kanta.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan ba ni mamaki ranar da na fara lura da shi. A Las Falmas zafin rana a Janairu wajen digiri 21 ne, a tsakiyar lokacin zafinsu kuma wajen 27. Mu a Janairu, da muke yawo da rigar sanyi muna shafa man kaɗanya, da rana ma'auni yakan haura 30. Ashe tsakar ranar hunturunmu ta fi bazararsu zafi. Abin da ke ceton ta a nan dare ne da asuba, lokacin da sanyi ke saukowa wajen digiri 15. Da wannan 'yan sa'o'in take rayuwa. Shi ya sa ba ta taɓa yin ƙiba a Kaduna irin yadda ake ganinta a hotunan intanet, kuma shi ya sa wanda ke Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, ya fi mu sauƙin riƙe ta nesa ba kusa ba. Idan kin ga mai sheƙi a wurin mai fulawa, tambaye shi kwana nawa ta yi a Kaduna. Sau da yawa amsar ba ta wuce mako biyu.

Kariya kuwa 'yar gida ce. Masana na kiran ta Adenium obesum, kuma asalinta wannan zirin namu ne na Sahel, daga Senegal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka ta tsallaka ƙasar Larabawa. Kakanninmu sun san ta tun kafin a fara sa ta a tukunya. Ita ruwa da zafi tare ta san su, kamar gero. Damina ta sha ta ƙoshi ta tara a wannan tulun gindin nata, rani ya zo ta zubar da ganye ta zauna da abin da ta tara, sannan sau da yawa a kan busasshen reshen nan, ba ganye ko ɗaya, sai ka ga fure ya fito. Kalandarta da ta Kaduna ɗaya ce. Abin da kawai za a kiyaye shi ne ruwan Kaduna ya ɗara na inda ta fi sabawa, can arewa da mu, don haka tukunyarta dole ta riƙa zubar da ruwa da wuri.

Bari in ba da labarin ta farko da na kashe, don a nan darasin yake. Na saye ta a watan Disamba, ta yi kyau har Fabrairu. Da zafin Maris ya shigo sai ganyen ƙasa ya fara bushewa yana zuba, zoben ya tsuke ya koma kamar bakin kofi. Na ɗauka ƙishi ne. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce, "Alhaji, ƙara mata ruwa, ka sa mata taki." Ba laifinsa ba ne, haka yake yi wa sauran fulawarsa suna kyau. Na ƙara. Da damina ta kankama kuma sai na fitar da ita tsakar gida, wai ta sha ruwan Allah, kuma ban lura ba ashe na ajiye ta kusa da inda indararo ke zuba. Wata safiya a Agusta, bayan ruwan kwana uku, na taɓa karan sai yatsana ya nutse. Daga ƙasa zuwa rabin kara ya yi baƙi ya yi laushi kamar dafaffen rogo, da wani wari irin na albasar da ta ruɓe a buhu. Saman kuwa yana nan da kyansa, ko alama babu. Na ɗan girgiza ta, kan ya faɗo a hannuna. Kariyar da ke gefenta, ruwa ɗaya ya dake su, ita sai sabon ganye take ta yi.

Da na san abin da na sani yanzu, kan nan da ya faɗo ma da na cece shi. A yanke sama da inda ruɓar ta kai, har sai an ga cikin karan fari tas, a ajiye a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe, sannan a soka a yashi. Na jefar da shi a bola.

To ga yadda shekara take tafiya da ita a wurina yanzu. Daga tsakiyar Nuwamba, da zarar an fara jin sanyin asuba, sai tsakiyar zoben ya yi kore shar, alamar ta farka. Daga nan nake fara ba ta ruwa sosai, in zuba har ya fito ta ƙasan tukunya, in bari saman ƙasar ya bushe misalin gaɓar yatsa biyu, in sake. A iskar hunturu, cikin tukunyar ƙasa, hakan yakan zama duk kwana huɗu ko biyar. Mutane kan ɗauka duk tsiro mai kaurin ganye ba ya son ruwa, amma wannan saiwarta sirara ce kuma a sama-sama take, ba ta da rumbu irin na kariya, don haka a lokacin girmanta ta fi sauran 'yan uwanta sha. Taki ma a wannan tsakanin ne kawai, kaɗan, wanda ya riga ya ruɓe. Rana kuma ta safe, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ranar ce ke ba ta baƙin. In ta rasa sai ta koma kore-kore, karan ya yi tsawo ya yi lanƙwasa yana neman haske. Ƙurar hunturu ma aiki ce, don a kan baƙin ganye ba ta ɓuya. Da sassafe nake fesa mata ruwa a hankali. Ban gogewa da tsumma, saboda ganyen ba ya son murza, duk inda aka danna sai tabo ya fito washegari.

Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 35 har ya wuce, barci take yi. Inuwa, ruwa ɗan kaɗan duk mako biyu ko uku don kar saiwa ta ƙone, babu taki, babu canjin tukunya. Za ta yi muni, ta zama kamar tsintsiyar da aka ɗaura wa tuta. A bar ta. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma aikin ɗaya ne, a hana ruwan sama taɓa ta, amma a bar iska na ratsa ta. Wannan shi ne mafi wuya, don ruwan Kaduna ba a tsaye yake sauka ba, iska ke kaɗo shi har cikin baranda. Na sha tashi cikin dare ina jan tukwane. Uwargida ta ce ko jariri ba a yi wa haka.

Shekarar kariya kuwa a jimla biyu za ta ƙare. A ajiye ta inda rana ta fi duka, sa'a shida ko fiye, a bar damina ta shayar da ita, a ɗaga tukunyar a kan bulo don ruwa ya wuce. Da hunturu a rage mata ruwa sosai in ta zubar da ganye, da bazara a ɗan ƙara, fure ya zo.

Ƙasar da za a zuba musu kusan ɗaya ce, da ɗan bambanci. Jar ƙasarmu ta Kaduna ita kaɗai ba ta yi, in ta jiƙe sai ta kame kamar siminti. Ni yashi mai tsakuwa nake nema, irin na bakin kogi da magina ke saye, ba mai laushin da ake shafe da shi ba. Ga kariya, kashi biyu na yashin, kashi ɗaya na dakakkiyar marmara ko gawayi, kashi ɗaya na baƙar ƙasa. Ga 'yar hunturu sai in ƙara baƙar ƙasar kaɗan, don ta riƙe danshi a iskar Disamba. Tukunyar ƙasa ta fi roba a duka biyun, kuma ramin ƙasanta ya zama yatsa na shiga. Tukwanen siminti masu fenti da ake jerawa a bakin titi, da yawansu raminsu ɗaya ne ƙarami, kuma shi ma yakan toshe.

Akwai wurin da 'yar hunturu ta yi wa kariya fintinkau, kuma ga mai 'ya'ya ƙanana ba ƙaramin abu ba ne. Kariya guba ce. Ruwan da ke fita in an karya reshenta yana da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya, kuma a sassa da dama na Afirka da shi ake dafin kibiya da kashe kifi. Ba wai taɓa ta ke kisa ba, amma yaron da ke rarrafe yana kai komai baki, ko akuyar da ke shigowa tsakar gida, ko wanda ya yi mata aski ya murza ido bai wanke hannu ba, duk abin dubawa ne. Ni in zan datse ta leda nake sa wa a hannu, rassan kuma ba na barin su a ƙasa. 'Yar hunturu ba a san ta da wannan ba. Ƙanwata na da ɗan shekara biyu wanda ko takalmi bai bari ba, don haka wannan maganar ta fi duk lissafin digiri shiga kunnenta.

Wajen yaɗuwa ma tana da sauƙi. A Disamba ka yanki reshe mai tsawon yatsa da kansa, ka shanya bakin, ka soka, cikin mako uku ya kama. Dole ma ka riƙa yin haka, don tana da wata ɗabi'a: duk kan da ya yi fure, wani dogon tsiri mai ƙananan furanni rawaya, to bayan furen wannan reshen mutuwa yake. Mai rassa da yawa ba ta damu ba, amma mai kai ɗaya tal ta tafi ke nan. A Kaduna dai furen ba kasafai yake zuwa ba, tawa sau ɗaya ta yi. Gida biyu maganin gobara: kullum ina da ƙanana biyu ko uku a gefe, in damina ta ci uwar a samu magaji. Kariya ita ma reshenta na kamawa, sai dai wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin tulun gindin nan da wuri ba. Mai tulu sosai daga iri take fitowa, wanda ke cikin wasu kwasfa biyu masu kama da ƙahon sa. In sun kusa fashewa a ɗaure su da zare, in ba haka ba iska ta kwashe, don kowace ƙwaya da gashinta a kai da gindi. Masu fure ninki-ninki ko launi iri-iri, waɗanda manoman Tailan suka yi suna a kansu, aure aka yi musu, wato an ɗora reshen mai kyau a kan gindin gama-gari. Duba wurin haɗin kafin ki biya, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da shi a cire, don furen gindin zai ba ki, ba wanda kika saya ba.

Ƙwari kuwa ba su bar kowa ba. Wani farin abu mai kama da auduga yakan maƙale a tsakiyar zoben 'yar hunturu, kuma in kin ga tururuwa na hawa da sauka a kara to yana nan. Ruwan sabulu kaɗan da ɗan man dogon yaro, da yamma bayan rana ta faɗi, yana maganinsa. Kariya kuma tsutsa ce ke cinye mata ganye da damina, a tsince da hannu ya isa.

Wani abin da ya burge ni da nake bin labarin tsibiran nan: aguwa, wadda ake shinge da ita a gonakin arewa ba wanda ke ko kallonta, tana da 'yar uwa ta jini a can, suna ce mata tabaiba, har tsibirin Lanzarote ya ɗauke ta tambarinsa a cikin tsirrai. Mu muna kashe kuɗi a kan nasu, namu na tsare gona.

Sai gargaɗi ɗaya a gurguje. A intanet za ki ci karo da wasu tsirrai da su ma a lokacin sanyi suke girma, ƙanana kamar tsakuwa, irin su Conophytum na yankin Namakwalan a Afirka ta Kudu da Namibiya, inda ruwa ke zuwa a sanyinsu na Mayu zuwa Agusta, hazon teku kuma na jiƙa su. Kar ki soma. Waɗannan danshin daminarmu kaɗai ya ishe su, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ga shi kuma satar su daga daji ta yi yawa, har a 2023 aka sa su cikin jerin tsirran da sai da takarda ake fitar da su ƙetare.

To wacce za a ɗauka? Ni a ganina tambayar ba ta kyau ba ce, ta gida ce. Idan abin da kike da shi fili ne a buɗe, ko ƙofar gida da rana ke duka yini guda, ko kuma ke mai tafiye-tafiye ce da za ki bar gida mako biyu, ko unguwarku da rani sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ɗauki kariya ki huta. Da ɗan gari akan ci gari. Idan kuwa kina da baranda mai rufi da ke kallon gabas, wadda feshin ruwa ba ya kai wa ƙuryarta, kina gida yawancin lokaci, kuma zuciyarki za ta jure kallon tsiro ya yi wata takwas a tsuke kina hana kanki ba shi ruwa, to 'yar hunturu za ta biya ki daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da sauran lambun ya yi fari fat da ƙura. Ko da haka ne, kar a saye ta a Afrilu ko a damina. A jira Nuwamba, a zaɓi mai rassa uku ko fiye, a matsa gindin karan a ji shi da tauri. Ga wanda bai taɓa riƙe irin waɗannan tsirrai ba kuma, shawarata kariya tukuna, ko ma zabuwa ko moda, a koyi hannu shekara guda.

Ƙanwata ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Yaya, barandata gabas take kallo, amma ni ba zan tashi cikin dare don tukunya ba." Kariyar ta saya, ta sa aka ɗora ta a kan ginshiƙin katanga inda hannun yaron ba ya kai wa. Ni kuma na yi mata alkawarin reshe ɗaya daga tawa in Allah ya kai mu Disamba. Ta ce in kawo biyu, tunda ni ma sai da na kashe biyu.